Karto Bakwai na Gwaggo

Tun safiyar da Gwaggo ta rasu, duk wanda ya shigo gidanmu na Tasawa magana ɗaya yake yi: "Allah ya jiƙanta, mace mai haƙuri." Matan unguwa sun faɗa. Tsofaffin ɗalibanta da suka taho daga Issawane da Gidan Amumune a kan kabu-kabu sun faɗa, wasu da furfura a gemu suna share hawaye da hula. Har liman ya faɗa bayan an dawo daga maƙabarta. Ni ina zaune a ƙofar ɗakinta ina amsa gaisuwa, bakina na cewa amin, raina bai yarda ba.

Wata tsohuwa, ƙawarta tun suna ƴan mata, ta ja jiki ta zauna kusa da ni. Ta rufe baki da mayafi ta ce, "Haƙuri? Wa? Da tana jin su da ta tashi ta kore su da muciya."

Dariya ta kuɓuce mani cikin kuka, har matan da ke gefe suka zaci shiɗewa na yi.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ina tsoron nan da shekara biyu a mai da ita wata tsohuwa mai sanyin hali da ba a taɓa yi ba. Gwaggo mai alheri ce, mai tsoron Allah ce, amma ba mai haƙuri ba ce. An yi mata abu guda a duniya, ta riƙe shi shekara goma sha huɗu, ta tafi da shi.

Yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai Baba ya ba ta ni ina shekara huɗu, kuma tun daga ranar ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai "ɗiyata". Shekara talatin ta yi tana koyarwa a lakwal, wato makarantun boko na ƙauyuka, inda aka tura ta nan take zuwa, ni ina biye. Kowa Madam yake ce mata. Idan yaro ya yi magana cikin hanci, sai ta sa hannu a bayan kunne ta ce, "Ban ji ba. Sake faɗi da kyau." Manya ma haka take yi masu. Shekarar da gero ya yi wuya a Issawane, ita ta riƙa dama kunu a babbar tukunya kafin a shiga aji, ta ce ba ta iya koya wa cikin da ke kuka lissafi. Amma ranar da wani yaro ya naɗe gefen takardar littafinta don ya gane inda ya tsaya, sai da ta naɗe mashi kunne shi ma.

Ba ta da zinariya, ba ta tara kwanoni ba. Littattafai ta tara. Akwai na Faransanci da ta fara saye tun tana ɗaliba, akwai ƴan ƙanana na Hausa da aka riƙa bugawa don koyar da manya. Akwai wani ƙamus mai kauri wanda bangonsa ya mutu, ta kai wa baduku a Mayahi ya yi mashi riga ta jar fata. Akwai na marigayi mijinta, ma'aikacin gandun daji, wanda ya rasu tun ina ƙarama. Ya cika gefen shafuffukan da rubutunsa, wani wuri yana gardama da marubucin, wani wuri ya rubuta mata saƙo don ya san za ta karanta bayansa. Sai kuma kaye-kayenta, littattafan rubutu irin na ƴan lakwal, inda ta riƙa rubuta tatsuniyoyi da waƙoƙin daka daga bakin tsofaffin matan duk garin da muka zauna. Takan zauna gefen turmi da alƙalami, ta ce, "Iya, tsaya, maimaita mani wannan baitin."

Duk gidan da muka sauka, kafin a kafa gado sai an jera bulo an ɗora katako an shirya littattafai, an barbaɗa toka a ƙasa saboda gara. Ba a taɓa su sai an wanke hannu, kuma sai ta shinshina hannun.

Da ta ajiye aiki, aka shirya mu koma Tasawa kusa da dangi. Farkon damina ne. Baba ya zo Issawane da mota buɗaɗɗiya, aka loda gado da tukwane da akuyoyi biyu. Gwaggo ta dubi gabas ta ga hadari ya haɗu, ta ce littattafanta ba su hawa wannan mota.

Baba ya ce, "To Yaya, mu tsaya Mayahi ki ba kamfanin da ke kai saƙo. Motarsu rufaffiya ce, suna da ɗakin ajiya. Ni da su nake aika kayana."

Ba zan kama sunan kamfanin ba, ya daɗe da rushewa. Karto bakwai ne. Ita ta shimfiɗa leda a cikin kowanne, ita ta ɗaure da igiya, ta rubuta sunanta a gefe huɗu. Mai karɓar saƙon wani matashi ne mai ƙwalisa, da agogo a hannu da goro a baki. Ya rubuta mata resi ba tare da ya ɗago kai ba.

Ta ce, "Littattafai ne. Kada a ajiye su a ƙasa."

Ya ce, "Kwana uku, Madam, ki same su Tasawa."

Kwana uku suka wuce, mako ya wuce, wata ya wuce. Na biron Tasawa, wato ofishin kamfanin, su ce ba su iso ba, na Mayahi a waya ya ce sun tashi. Katakon da ta sa kafinta ya kafa mata a sabon ɗaki yana nan wayam, kullum da safe ta goge shi. Rannan ta ce in ɗauki mayafina, muka shiga motar Mayahi.

Ranar kasuwa ce, biron cike da mutane. Ta ajiye resi a gabansa. Ya juya shi, ya ce ai kaya sun tafi, ta je ta tambayi direba. Ta ce wane direba? Ya ce direbobi da yawa. Ta ce ya buɗe ɗakin ajiya ta duba. Sai ya jingina da kujera ya yi murmushi, ya dubi mutanen da ke layi.

"Haba Hajiya, takardu ne fa. Yadda kika tada hankali na zaci zinariya ce ta ɓata."

Wasu suka yi dariya. Gwaggo ta sa hannu a bayan kunne.

"Ban ji ba. Sake faɗi da kyau."

Shi kuwa bai san ta ba. Ya sake faɗi, har da ƙara murya.

Ta ninke resinta ta sa a lalita, ta ce, "To, na ji."

Muka shiga mota muka dawo Tasawa.

Ta fara da hanyar da ta dace. Ta kai ƙara, ta rubuta wa shugabannin kamfanin, aka yi zama biyu. Ƙarshe aka ce za a auna kimanin nauyin kayan a biya ta. Ta ce ita ba gero ta ba su ba, ta tashi ta fita. Mako na zagayowa ta ɗauki ƴar kujerarta ta tsugunno, ta shiga motar farko zuwa Mayahi, ta dasa kujerar a inuwar itacen bedin da ke ƙofar biron. Duk wanda ya taho da kaya a ka sai ta tare shi da sallama.

"Bawan Allah, saƙo za ka ba su? Zauna in ba ka labari."

Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Resi take nunawa, ta faɗi ranar da ta ba da kaya, ta faɗi abin da aka ce mata. Rabin mutanen kasuwar ko ta koyar da su ko ta koyar da ƴaƴansu. Sai ka ga mutum ya sake ɗaukar buhunsa ya nufi tasha neman direban da ya sani.

Mai karɓar saƙon ya kira mata jandarma. Ina wurin ranar. Jandarman ya taho da saurinsa, yana zuwa kusa ya rage tafiya, ya cire hula, ya durƙusa.

"Madam, ina wuni?"

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai cin alli a aji biyu. Ka daina?"

Ya ce ya daina. Ya saya mata ruwan sanyi ya koma inda ya fito.

Haka ta yi ta yi duk ranar kasuwa, damina ta wuce, kaka ta wuce. Baba abin ya dame shi, don shi ɗan kasuwa ne, kuma ana yi mashi ba'a a rumfa. Ya same ta tana tsintar wake ya ce, "Yaya, don Allah ki bari. Kina zubar mana da mutunci a kan abin da ya riga ya tafi. Sai ka ce mutum aka kashe."

Ta ajiye faifan ta ce, "Wa ya ce in ba shi?"

"Ni na ce, amma..."

"To kai da shi ku raba. Tashi mani daga tabarma."

Kusan shekara biyu ba ta ci abincin gidan Baba ba. Da layya ya aiko da cinyar rago, ta ce in mayar. Ni ce a tsakiya, in je can a ce in ba ta haƙuri, in dawo nan a ce kada in kawo mata maganar wancan mutumin. Ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya ya koma "wancan mutumin".

Abin da ya sasanta su shi ne ya ƙarasa karya mata zuciya. Wata tsohuwar ɗalibarta, ungozoma a likitar Gidan Amumune, wato asibitin garin, ta sayi daddawa a kasuwa aka ƙunshe mata a takarda. Tana kwancewa a gida ta ga rubutun da ta girma tana kwafa daga allo. Ba ta aiko kowa ba, da kanta ta taho Tasawa. Gwaggo ta karɓi takardar, duk ta yi maiƙo, ta miƙar da ita a kan gwiwa. Rabin waƙar daka ce, an yage ta a tsakiyar baiti. Ta karanta a fili har inda takardar ta ƙare, ta tsaya, bakinta na motsi tana neman sauran. Ba ta samu ba.

Baba ya ji labari. Bai yi sallama da dogon bayani ba, ya zo da mota ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Yaya, taho mu tafi." Ta shiga gaba, na shiga baya.

Mai daddawar wata baiwar Allah ce ƴar ƙauye. Da ta ga mun tsaya a kanta mu uku ta rikice, ta fara rantsuwa. Ta ce buhu guda ta saya a Mayahi wurin wani mai agogo a bayan biron masu kai saƙo, kuma ba ita kaɗai ba, masu tsire da masu ƙosai duk sun saya. Ta jawo buhun daga ƙarƙashin tebur. Abin da ya rage bai cika ƙwarya ba: shafuffuka barkatai, wasu da rubutun marigayi a gefe, da jar fatar ƙamus ɗin nan, babu komai a cikinta. Ta ce ta ajiye fatar ne don ta yi kyau.

Matar ta fashe da kuka ta kama ƙafar Gwaggo. Na zaci ranar kasuwa za ta watse. Sai Gwaggo ta durƙusa ta ɗago ta.

"Tashi, ƴar'uwa. Ke ba a sa ki lakwal ba, ba ki san abin da kike yagawa ba. Shi ya sani."

Daga ranar har ƙarfinta ya ƙare, Gwaggo na tara takardun buhun siminti ta yanka su daidai ƙunshi, ta aika wa matar nan, wai kada ta rasa abin sana'a saboda an karɓe mata buhu.

Daga Gidan Amumune ba mu koma gida ba, Mayahi muka wuce. Baba ne ya zazzage buhun a kan teburin mutumin, gaban maigidansa. Mutumin ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗi gaskiya. Direba ya ce kartunan sun yi nauyi, aka bar su a bayan ɗakin ajiya, a ƙasa. Ruwa ya shiga, biyu suka jiƙe. Mai agogon ya ji tsoron a kore shi, sai ya ce sun tafi, ya sayar wa masu ƙunshi don kada a gan su.

Gwaggo ta ce, "Biyu suka jiƙe. Biyar ɗin fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ranar da na zo ka yi mani dariya, suna nan bayan bangon nan?"

Ya ce, "Suna nan."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tata ta yi ba. Taku goma tsakaninta da su ranar, ta juya ta tafi ta bar su.

An kore shi a makon. Kowa ya ce to, magana ta ƙare. Gwaggo ta ce yanzu ta fara. Ta sa tsofaffin ɗalibanta su riƙa kawo mata labarinsa. Ta ji an ba shi riƙon makullin wani ɗakin ajiyar taki, ta zauna ta rubuta takarda da Faransancinta mai tsabta, babu ƙari babu ragi, ta aika. Aka karɓe makullin. Ya samu wani aikin a wata tasha, ta sake rubutawa. Ƙarshe ya koma sayar da esansi, wato man fetur, a kwalba a bakin hanya. Idan motarmu ta bi ta wurin takan sa direba ya rage gudu, ta sauke gilashi ta dube shi har mu wuce.

Ni kaina abin ya fara yi mani nauyi. Wata rana ina yi mata tsifa na ce, "Gwaggo, mutumin nan fa yana da ƴaƴa."

Ta ce, "Ni ma ina da su. A karto bakwai na ba shi su." Sannan ta kamo hannuna ta bayan kanta ta ce, "Ke ce kawai ban sa a karto ba."

Ba ta ƙara sayen littafi ba. In an kawo mata kyauta ta karanta ta ba wani. Sau ɗaya ta koma Issawane da sabon kaye don ta sake rubuta waƙoƙin, ta tarar tsofaffin sun tafi, saura ɗaya, ita ma hankali ya gushe, tana ta tambayar Gwaggo ko ɗiyar wace ce. Matan yanzu kuwa inji suke kai hatsi. Ta dawo da kayen babu ko layi ɗaya.

Ciwonta na ƙarshe bai kai wata ba. Ranar da ta ji jiki sosai, bayan la'asar, Baba ya zauna a bakin gadon ya ce, "Yaya, ki yafe wa mutane, ke ma Allah ya yafe maki."

Ta ce ta yafe. Ta fara lissafa su da sauran muryarta: dangin mijinta da suka yi mata gorin haihuwa, wani shugaban lakwal da ya taɓa yi mata ƙazafi, maƙwabciyar da akuyarta ke ci mata zogale. Ta dubi Baba ta ce, "Kai ma na yafe maka, tun ranar da ka zo da mota ka kai ni Gidan Amumune."

Baba na hawaye ya ce, "Da mutumin Mayahi."

Ta rufe ido. Muka zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Banda shi. Ku gaya mashi ina jiransa inda ba a cewa a tambayi direba."

Ranar sadakar uku, da hantsi, aka aiko daga zaure wai wani baƙo na son ganin ɗiyar marigayiya. Na fita. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, ya yi furfura, babu agogo, rigarsa na warin esansi. Yana durƙushe gaban Baba. Ashe Baba har ya ba shi hannu ya ce mu dai mun yafe.

Ya ɗago ya ce, "Hajiya, an ce ke ce a kanta har ƙarshe. Don girman Allah, ta ambace ni? Ta yafe mani?"

Baba ya kafa mani ido. Liman ya yi gyaran murya. Ta bayan labule ina jin wata inna tana raɗa, "Ki ce e, ki ce e mana." Kalma ɗaya ce, kuma na san da na faɗe ta kowa zai ce na yi aikin lada. Amma matar da ta raine ni ba ta taɓa barin in faɗi abin da ba haka yake ba, ko a kan ƙwayar gyaɗa.

Na ce, "Ta ambace ka. Ba ta yafe ba." Na maimaita mashi saƙonta kamar yadda ta faɗa, ban rage ko harafi ba.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "To ke fa? Ke ki yafe mani a madadinta."

Na ce, "Ba nawa ka sayar ba."

Daga baya ya roƙi a nuna mashi kabarin. Baba ya tashi ya sa takalmi ya tafi da shi, bai ko dube ni ba, kuma har yau da nake rubutun nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mutanen unguwa sun rabu biyu a kaina. Wasu na cewa na yi rashin imani a gidan mutuwa, wasu na cewa saƙo aka ba ni na isar.

Ni dai na koma cikin gida, na ce a zubo mani tuwo. Tun da ta kwanta ciwo abinci bai zauna mani ba sai ranar. Na cinye, na ce a ƙaro miya.

Gwaggo, na isar. Allah ya haskaka makwancinki, ya saka maki da kunun da kika dama da duk yaron da kika koya wa riƙon alƙalami. Ya yafe maki, ya yafe mani, ko da mu ba mu iya ba.